Mota Ta Ƙi Tashi Da Sanyin Safiya: Na'urar OBD Za Ka Saya, Mita, Ko Sabon Sensa?

Akwai motar da ke da hali biyu. In ta yi zafi, murɗa makulli ɗaya ta tashi, ta wuni tana aiki lafiya lau. In ta kwana kuwa, sai ka yi ta ba ta kik, ta yi tari, ta kama ta saki, in ma ta tashi ta yi ta karkarwa minti biyu ko uku kafin ta dawo hayyacinta. Ka nufi gareji da ita, kafin ka isa ta ɗumama, ciwon ya ɓuya, makaniki ya kasa kunne ya ce shi bai ji komai ba. Kuma da gaskiyarsa, don a lokacin babu abin ji.

Mai tsohuwar mota da ya kai wannan gaɓa yana da hanya uku a gabansa. Ko ya fara canza kayan da ake zargi ɗaya bayan ɗaya, ko ya sayi ƙaramar na'urar nan ta OBD da ake sokawa a ƙarƙashin sitiyari ta karanto abin da kwamfutar mota ke gani, ko kuma ya sayi mitar awon lantarki ya bi wayoyi da hannunsa. Na bi duka ukun. Kowacce tana da inda ta fi ƙarfi da inda take makancewa, kuma zaɓin ya dogara ne ga shekarar motarka da irin ciwon da take nunawa.

Kafin a kwatanta su sai an san me ya sa sanyi ke wahalar da inji. Fetur ba ya ƙonewa yana ruwa, sai ya zama tururi ya cakuɗu da iska. Inji mai zafi yana aiki da kimanin kashi 14.7 na iska ga kashi 1 na fetur, a ma'aunin nauyi. Da sanyi kuwa, wani ɓangare na man da nozul ya fesa yana liƙewa ne a jikin ƙarfe mai sanyi, bai kai ga wuta ba. Don haka dole a ƙara mai sosai a daƙiƙoƙin farko, a kuma ɗaga silo zuwa wajen 1,200 ko 1,500 kafin ya sauko 700 ko 800. A zamanin kafireto cok ne ke wannan aiki. A motar nozul, kwamfuta ce ke yi, wadda makanikai ke kira birenbos. Ita kuma ba ta da fata da za ta ji sanyi. Abin da sensan zafin ruwan inji ya gaya mata shi ta sani. In ya ce mata inji na da zafi alhali ƙarfe ya yi sanyi ƙalau, za ta rage mai, mota ta yi ta juyawa ba ta kama ba. Ga baƙin mai ya yi kauri, ga batir ƙarfinsa ya ragu. Duk wani rauni da ke ɓoye, a wannan minti ɗaya yake fitowa fili.

Hanya ta farko, wato canza kaya da ka, ita ce mafi yawan mutane ke bi, kuma ba koyaushe take zama kuskure ba. In fulogi sun daɗe ba a taɓa su ba, matatar iska ta toshe, bakin totur ya cika da baƙin dauɗa, to gyara waɗannan ba asara ba ne, ko ba su ne ciwon ba lokacinsu ya yi. Inda hanyar ke ɓaci shi ne in an kai ga sensa. Yawancin wanda ake fara kamawa shi ne sensan iskar oksijin da ke jikin salansa, saboda sunansa ya fi yawo a baki. Amma wannan sensa ba ya fara aiki sai ya kai zafin kusan digiri 300, kuma kafin nan kwamfuta ba ta ma sauraronsa. A lokacin da kake ba da kik da safe, barci yake yi. Canza shi don mota ta ƙi tashi da sanyi, an bar jaki ne ana dukan taiki. Akwai wata illa kuma da ba a cika faɗa ba: sau da yawa tsohon sensa na asali da aka cire ya fi sabon jabu da aka sa. Sai ka tashi da ciwo biyu, na da yana nan, ga sabo ka ƙara, kuma yanzu ba ka san wanne ne wanne ba.

Hanya ta biyu ita ce na'urar OBD. Tun daga 1996 doka ta tilasta wa motocin da ake sayarwa a Amurka su zo da tsarin OBD-II, Turai kuma ta bi baya da irin nata a 2001 ga motocin fetur, sannan 2004 ga masu shan gas, wato dizal. Soket ne mai ramuka 16, galibi a ƙasan dashbod ɓangaren direba. Na'urorin da ake sokawa a ciki iri biyu ne, kuma bambancinsu shi ne zuciyar wannan magana. Akwai mai karanto lambar matsala kawai ta goge. Akwai kuma mai nuna bayanan inji kai tsaye yayin da yake aiki: zafin ruwa, zafin iska, juyin inji, yawan iskar da ke shiga. Ta farkon ba ta da amfani sosai ga ciwon safiya. Ta biyun kake buƙata, ko da irin ƙaramar nan ce da ake kira ELM327, wadda ke haɗuwa da wayar hannu ta Bluetooth, a karanta ta manhaja irin su Torque.

Dalilin da ya sa lamba kaɗai ba ta isa ba shi ne, kwamfuta ba ta ɗora wa sensa laifi sai ya yi ƙarya mai girman da ba za ta yiwu ba. In wayar sensan zafi ta tsinke, za ta ga digiri 40 ƙasa da sifili, ta ajiye lambar matsala P0118, ta kunna fitilar gargaɗi, a motoci da yawa ma fanka ta kama aiki ba tsayawa. In wayar ta haɗu da jikin mota, za ta ga zafi mai tsanani ta ajiye P0117. Amma in sensan ya tsufa ne kawai ya fara karkacewa, yana cewa digiri 60 a lokacin da gaskiyar ita ce 15, to kwamfutar tsohuwar mota tana iya yarda da shi ɗari bisa ɗari, tunda 60 adadi ne mai yiwuwa. Babu lamba, babu fitila, ga mota ta ƙi tashi.

A nan ne gwaji guda ɗaya ya fi min duk sauran daraja. Ka bar mota ta kwana. Da safe, kafin ka tayar da ita, ka soka na'ura, ka murɗa makulli zuwa inda fitilun dashbod ke kamawa, ka tsaya nan. Dubi zafin ruwa, dubi zafin iskar da ke shiga inji. Tunda komai ya kwana wuri ɗaya, ya kamata su biyun su yi kusa da juna, bambancin bai wuce digiri 2 ko 3 ba, kuma su dace da yanayin da jikinka ke ji. In ɗaya ya yi nisa, ka kama maƙaryaci tun ba ka buɗe bonet ba. Ka karanta da wuri, don a wasu motoci sensan zafin iska yana zaune ne cikin sensan awon iska mai zafaffiyar waya, yana iya ɗan ɗumama in makulli ya daɗe a buɗe. Na taɓa yin wata mota da na canza mata fulogi da famfon mai a banza. Ranar da na yi wannan gwaji, iska ta nuna 18, ruwa ya nuna 57. Minti biyu suka warware abin da ya ci min watanni.

Kada allurar zafi ta dashbod ta yaudare ka a nan. Tsofaffin motoci da yawa suna da sensa biyu: mai waya ɗaya da ke motsa allura, da mai waya biyu da ke magana da kwamfuta. Allura na iya zama daidai alhali na kwamfuta ya lalace, kuma an sha canza na allura a zaton an yi gyara.

Bayan wannan, ka ba da kik idonka na kan juyin inji. Ya kamata ka ga adadi tsakanin 150 da 300. In inji na juyawa da kunnenka amma na'ura na nuna sifili, to saƙon sensan karanshaf, mai ƙirga juyin inji, ba ya isa, kuma ba tare da shi ba babu wuta babu mai. Lambarsa P0335 ce, ta sensan kamshaf kuma P0340. Sai dai a gaskiya sensan karanshaf ya fi mutuwa da zafi: mota ta mutu a hanya, ta huce, ta sake tashi. Ba shi nake fara zargi a ciwon safiya ba. A kuma lura, na'ura mai arha tana iya katsewa daga wayarka in wutar batir ta faɗi lokacin kik, kada ka ɗauki wannan a matsayin hujja.

Wani abin da OBD ke gani wanda mita ba za ta taɓa gani ba shi ne adadin gyaran da kwamfuta ke yi wa mai, wanda manhajoji ke rubutawa STFT da LTFT, na gajeren lokaci da na dogon lokaci. In suna yawo cikin kashi 10 sama ko ƙasa, babu damuwa. In sun haura 15 ko 20 a silo, amma suka sauko da ka riƙe totur a 2,500, to iska na shiga ta ɓarauniyar hanya: tiyo ya tsage ko gaskit ɗin bututun iska ya bushe. Irin wannan gaskit yana tsukewa da sanyi ya buɗe kafa, in ƙarfe ya yi zafi ya kumbura sai kafar ta toshe. Shi ya sa mota ke karkarwa da safe ta warke da hantsi, wani lokaci da lambar P0171. In kuwa adadin yana ƙaruwa ne yayin da kake ƙara totur, sai a koma kan sensan awon iska ko ƙarancin mai.

Shawara ɗaya kafin na bar OBD: kada ka yi gaggawar goge lamba. Tare da ita kwamfuta ke ajiye hoton yanayin da inji yake ciki lokacin da matsalar ta faru, har da zafin ruwa. In hoton ya nuna digiri 20, ka san da sanyi abin ya faru. In ka goge, shaidar ta tafi. Ka rubuta tukuna.

Hanya ta uku, mita. Ba ta da kwarjinin na'urar kwamfuta, tana kuma buƙatar haƙuri da ɓata hannu, amma tana amsa tambayoyin da OBD ba ya iya amsawa. Na farko shi ne batir, kuma da shi ya kamata kowa ya fara. Cikakken batir da ya huta yana nuna wajen volt 12.6. In ya nuna 12.2, kusan rabi ya rage. Amma ainihin gwajin lokacin kik ne: ka ɗora mita a kan kawunan batir, wani ya murɗa makulli, bai kamata ya sauka ƙasa da 9.6 ba. Batir mai rauni yana iya juya inji har ka ce ai lafiyarsa ƙalau, alhali wutar da ta rage ba ta isa kwayil ya ba da tartsatsi mai ƙarfi ba. Da mota ta tashi kuma, ka ga tsakanin 13.5 da 14.5, alamar caji na tafiya. Haka nan za ka iya auna asarar wuta a kan kebul: tsinken mita ɗaya a kan kan batir mara wuta, ɗayan a jikin inji, a ba da kik. In ya kusa rabin volt ko ya wuce, kebul ɗin ko wurin ɗaurinsa ya ci tsatsa. Wannan ciwo ba shi da lamba ko ɗaya, kuma yana rikita sensa da yawa a lokaci guda.

A kan sensan zafi kuwa, aikin mita ya bambanta da na OBD ta hanya mai muhimmanci. OBD yana nuna abin da ya isa kunnen kwamfuta, wato sensa da soket da waya a haɗe. Ya gaya maka an yi ƙarya, bai gaya maka wa ya yi ta ba. Mita ce ke rarrabewa. Cikin sensan akwai wani ɗan abu da turjiyarsa ga lantarki ke raguwa in zafi ya ƙaru. Ka kashe makulli, ka zare soket, ka auna tsakanin ƙafafu biyu na sensan. A irin na Bosch da na motocin Japan da yawa, za ka ga kimanin ohm 2,500 a digiri 20, ya sauko wajen 300 a digiri 80. Wasu kamfanoni adadinsu ya ɗan bambanta, na GM misali ya kusa 3,500 a digiri 20, don haka ka nemi teburin motarka. Sannan ka buɗe makulli ka auna ɓangaren soket, ya kamata ka sami kusan volt 5 daga kwamfuta. In sensa ya ba da adadi mai kyau amma OBD na nuna shirme, laifin na waya ne, kuma sabon sensa ba zai yi komai ba.

Akwai lissafi a nan da ke taimaka wa zargi. Tsatsa a soket ƙara turjiya take yi. In ta ƙara ohm 200 a kan 2,500, da sanyi kusan ba za a lura ba. Amma 200 a kan 300 babban abu ne: inji na da zafi kwamfuta na zaton da saura, ta yi ta zuba mai, salansa na baƙin hayaƙi, fulogi na yin baƙi. Saboda haka tsatsar soket ta fi nuna kanta a shan mai da wahalar tashi da zafi. Wahalar tashi da sanyi ta fi zuwa ne daga sensan da ke nuna zafin da babu shi.

Raunin mita a bayyane yake. Dole ka san wace waya ce wacce, dole ka sami adadin da za ka kwatanta da shi, kuma wasu sensa suna lungun da hannu ba ya kaiwa cikin sauƙi. Ba ta kama matsalar da ke zuwa ta wuce cikin ƙiftawar ido. Kada ka huda rigar waya da allura, ruwa zai shiga daga baya. Kada ka kusanci wayoyi masu soket ruwan ɗorawa, na jakar iska ne. Kada kuma ka kwance sensan zafi inji na da zafi, ruwan da ke bayansa yana ƙona mutum.

Akwai kuma wurin da na'urorin biyu duk suka makance, wato matsin mai. Yawancin tsofaffin motocin nozul ba su da sensan da ke auna shi. Tsarin yana aiki da matsi kusan bar 3, kuma ya kamata ya riƙe wani abu daga ciki bayan an kashe mota. In bawul ɗin da ke cikin famfo ya gaji, mai ya koma tanki cikin dare, da safe sai kik ya yi tsawo kafin bututu ya cika. Gwajinsa ba ya buƙatar sayen komai. Buɗe makulli ba tare da kik ba, ka ji kukan famfo na daƙiƙa biyu, ka kashe, ka maimaita sau uku, sannan ka tayar. In ta tashi nan take, ka san inda za ka nufa, sai a tabbatar da agogon awon matsi. In motarka na da na'urar daidaita matsi mai ɗan tiyon iska a kai, zare tiyon ka duba: ko ɗigon fetur bai kamata a gani a ciki ba.

Ƙafarka ma abin gwaji ce. In mota ba ta tashi sai ka ɗan taɓa totur, kuma da ka saki ta mutu, iska ce ta yi mata kaɗan: bawul ɗin silo ya maƙale ko bakin totur ya toshe, wankewa kan isa. In kuwa sai ka danne totur har ƙasa take tashi, tana fitar da warin fetur, mai ne ya yi yawa, don a motoci da yawa danne totur ƙasa lokacin kik yana sa kwamfuta ta yanke mai. Farin hayaƙi mai kauri da karkarwar silinda ɗaya na 'yan daƙiƙoƙi, haɗe da raguwar ruwan lagireto, wannan ba maganar sensa ba ce, gaskit ɗin kan inji ake dubawa.

To wanne za ka saya? In motarka tana da soket mai ramuka 16, fara da OBD mai nuna bayanai kai tsaye. Shi ne ke rage maka filin bincike da sauri, ba tare da ka kwance komai ba. Ka tabbatar dai yana jin yaren motarka, don motocin da suka riga 2008 da yawa ba sa amfani da tsarin CAN, suna magana ne da tsofaffin tsare-tsare irin su ISO 9141, kuma wasu jabun ELM327 ba sa iya haɗuwa da su. Mita ta biyo baya, kuma kada a daɗe, don ba na son a sayi sensa kafin a auna tsohon.

In kuwa motar ta girmi OBD-II, lissafin ya juya, mita ce ta farko. Irin waɗannan motoci suna faɗin ciwonsu ne da ƙiftawar fitilar dashbod. A tsofaffin Toyota ana haɗa ramukan da aka rubuta wa TE1 da E1 a akwatin gwaji da guntuwar waya, lamba 22 na nufin sensan zafin ruwa. A Honda lamba 6 ce, a GM kuma 14 da 15. Wasunsu suna da nozul na musamman da ke fesa ƙarin mai lokacin kik kawai, da wani makunni mai jin zafi da ke ba shi izini, kuma mita kaɗai ke iya gwada su. Mai kafireto ya duba cok kafin komai, ya ga ko yana rufewa da sanyi yana buɗewa da zafi. Mai shan gas kuma ya fara da fulogin ɗumama silinda, ya auna su ɗaya-ɗaya, lafiyayye turjiyarsa kusan ohm 1 ce ko ƙasa da haka.

Wanda ba ya son taɓa waya ko kaɗan, shi ma OBD zai amfane shi. Ya yi safiya uku yana rubuta zafin ruwa, zafin iska, tsawon kik, da abin da ya faru da ya maimaita makulli sau uku. Ya kai wa makaniki takardar, ya bar masa motar ta kwana a can, da sharaɗin kada kowa ya tayar da ita sai an soka na'ura an ɗora mita a kan batir.